Buhun wake ɗaya, hannu bakwai: mu kai kukanmu ƙofar Majalisa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka sam mini fili a wannan jarida tamu, ka kuma yi haƙuri da tsawon wasiƙar. Tsohon malamin makaranta ne ni, ka kuwa san halinmu, in aka miƙa mana alli sai allo ya cika.

Shekara 35 na yi ina koyarwa, galibi darasin tarihi. Da na ajiye aiki sai na haɗa ɗan abin da aka ba ni na sallama, na kama rumfa a ɗaya daga cikin kasuwannin garin Bauchi, ina auna wake da masara da gero. Bana shekarata tara ke nan a bakin mudu. Da yake an san hannuna ya saba da biro, 'yan layinmu suka ɗora mini rubuta duk abin da ya taso, daga katin ɗaurin aure har lissafin adashi.

Ranar Asabar da ta wuce, bayan an idar da La'asar, muka zauna a rumfar wani Alhaji da ya girme mu duka. Abin da ya tara mu shi ne an ƙara kuɗin tikitin da ake yanka wa masu kasa kaya a ƙasa, an kuma zo da wata sabuwar takarda wai ta gyaran magudanar ruwa, alhali magudanar tana nan a toshe yau damina biyu. Samarin kasuwa, 'yan dako da masu turin baro da yaran shago, suka ce tura ta kai bango, a rufe kasuwa a fita zanga-zanga. Dattawa suka ce a'a, a yi haƙuri, a bar wa Allah. Aka yi ta ja-in-ja har aka kira Magariba ba a tsayar da magana ba. Ni dai tambaya biyu kawai na yi a wurin, zan zo kansu. Tun daren nan barci ya ƙaurace mini, shi ya sa na ɗauki biro. A ganina a fita, ni ma da farin gemuna zan fita. Sai dai ba irin fitar da yaran nan ke nufi ba, ba kuma inda suke nufi ba: ni ƙofar Majalisar Dokokin Jiha nake nufi.

A ƙarƙashin bencina akwai wani tsohon gwangwanin madara, babba, da nake jefa kowace 'yar takarda da aka yanka mini. Ɗabi'ar malanta ce ta biyo ni kasuwa, ba na iya yar da takarda mai rubutu. Daren Asabar ɗin na kai shi gida na juye a tabarma, ni da jikata muka yi ta warewa. Ga tafiyar buhun wake ɗaya daga kasuwar ƙauye zuwa rumfata, kamar yadda takardun suka nuna. Can inda na saya, tun kafin a ɗinke bakin buhun, akwai kuɗin kasuwa. A tasha akwai kuɗin lodi, wannan ban da ladan yaran da suka ɗora. Ba za mu yi tafiyar minti ashirin ba sai ga igiya a gicciye da katako mai ƙusoshi, wai masu duba amfanin gona ne. Shekara tara ban taɓa ganin wanda ya soka ma buhu ya duba ƙwayar wake ɗaya ba, hannu kawai ake miƙowa ta taga. Da mun tsallaka cikin wata ƙaramar hukuma sai ga wani shingen, ka nuna musu takardar baya su ce wannan ba ta aiki a nan. A ƙofar kasuwarmu akwai kuɗin shiga, a ciki akwai kuɗin sauke. Sai na wata-wata da ke kan kowace rumfa, haya da shara da gadi, waɗanda na dunƙule na ƙirga su ɗaya don kada a ce na yi ƙari. Hannu bakwai ke nan a kan buhu ɗaya. Uku daga cikin takardun nan ba lamba, ba hatimi, irin waɗanda kowa zai iya bugawa a shagon kwamfuta na bakin titi.

Direba ma da nasa: tikitin yini, sitika iri-iri a gilashin gaba har ba ya ganin hanya sosai. Shi ya fanshe a kuɗin mota, ni in fanshe a kan mudu. Wanda ba shi da inda zai fanshe shi ne magidancin da ke zuwa da yamma da kuɗin mudu ɗaya ya koma gida da rabi.

Akwai wata tsohuwa da ke kasa zogale da rama da yakuwa a bakin rumfata, muna ce mata Inna. Daga wani ƙauye a hanyar Dass take zuwa, jarinta duka bai kai naira dubu biyar ba. Duk ranar da ta shimfiɗa buhunta sai an yanka mata tikitin naira 100, ta yi ciniki ko ba ta yi ba, kuma kwana shida take zuwa a mako. Na buga lissafi, naira 31,200 ke nan a shekara. Da ƙarin da aka yi yanzu zuwa 150, ya koma 46,800. Sabbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 sun ce wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba, babu harajin kuɗin shiga a kansa. Madalla, wannan adalci ne, ban kushe ba. To amma ribar Inna ta shekara ko rabin wannan ba ta kai ba, ga ta tana biyan abin da aka yafe wa wanda ya fi ta. An yi mata afuwa a Abuja, mai tikiti bai ji labari ba.

Kada a ɗauka yau na fara ganin haraji. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, manomi ne, kuma takardar harajinsa a cikin wata 'yar jakar fata take, yana ratayawa kamar laya. Ba ya zuwa cin kasuwa sai da ita, don in an yi kamen haraji 'yan doka suka tare ka ba takarda, ka kwana a ɗaure. Ina yaro na ga an shanya wani magidanci a rana a ƙofar gidan dagaci, 'ya'yansa na tsaye suna kallo, har sai da ɗan'uwansa ya sayar da akuya ya kawo kuɗin. Na kuma san yadda Fulani ke kora shanu cikin dare in sun ji malamin jangali na tafe. Ba na kewar wancan zamani ko kaɗan. Amma gaskiya ɗaya ce: sau ɗaya ake biya a shekara, kowa ya san adadin, takardar kuma ɗaya ce, inda duk ka nuna ta a sake ka.

Ina kwalejin horar da malamai a watan Oktoban 1979 muka ji a rediyo cewa Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke haraji da jangali. Ba daga sama abin ya faɗo ba. Gwagwarmaya ce ta kusan shekara talatin tun kafa NEPU a 1950, kuma wani sashe na saiwarta a nan Bauchi yake. A farkon shekarun 1940, Malam Sa'adu Zungur ɗan garin nan da Malam Aminu Kano, lokacin yana koyarwa a Midil ta Bauchi, su ne ke tayar da tambayoyi a zauren muhawarar da Turawa suka yarda a kafa, har tambayoyin suka yi zafi aka rufe zauren. Kafin su ma, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya ba Malam Yakubu tutar da aka kafa garin nan da ita, ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin abubuwan da ya ƙi a mulkin sarakunan zamaninsa. Don haka in wani ya ce tambayar mai mulki dalilin haraji baƙuwar ɗabi'a ce da yaran zamani suka kwaso a waya, sai in ce ya dawo aji. Abin da ya faru dai shi ne an sare itacen ba a tone saiwa ba, ya yi toho bakwai.

Mu da muka tashi a kan zakka ai mun san yadda karɓa ta adalci take. Akwai nisabi, wanda bai kai ba ba a taɓa shi. Akwai adadi sananne, a hatsin damina ɗaya bisa goma, a na ban ruwa rabin haka. Waɗanda za a ba su kuma an ƙidaya su takwas a cikin Suratut Tauba. Ba cewa na yi gwamnati ta mai da haraji zakka ba, a layinmu ma akwai Kiristoci da muke shan rana ɗaya. Cewa na yi duk mai hankali, kowane addini yake bi, zai yarda da waɗannan uku: a ɗaga wa mara ƙarfi, a faɗi adadi, a nuna inda kuɗin suka tafi.

To ga tambayoyin da na yi a taron. Ta farko, na ce wane haraji ne za mu fita a kansa? Wani ya ce VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kayan da aka saya. Wani ya ce naira 50 da ake cira in an tura kuɗi dubu goma ko fiye. Wani yaro mai baro ya ce shi dai tsadar fetur. Wata mai tumatir ta ce tikiti. Duk sun yi gaskiya, kowanne yana cizo, amma ba gida ɗaya suka fito ba. VAT na tarayya ne, tun 1994 ake karɓarsa, yana kashi 5 cikin ɗari har aka mai da shi 7.5 a Fabrairun 2020. Naira 50 ɗin nan ta tarayya ce. Fetur kuwa tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafi ya tafi, ba wanda ke Bauchi da zai iya dawo da shi. A ƙarshen 2024 gwamnonin Arewa, ƙarƙashin jagorancin Gwamna Inuwa Yahaya na Gombe, sun zauna a Kaduna sun ƙi amincewa da yadda aka so a sauya rabon kuɗin VAT, kuma Gwamna Bala Mohammed na cikin waɗanda suka fi ɗaga murya. Faɗa ne mai dalili, amma faɗan rabo ne tsakanin manya. Tikitin Inna bai shiga ajandar ba.

Tambaya ta biyu, na ce wa ya san sunan ɗan majalisar jiha na mazaɓarsa? Mun kai mutum sittin a wurin. Hannu huɗu na ƙirga, ɗaya ma sunan ɗan majalisar tarayya ya faɗa. Kowa ya san sunan ministan kuɗi da na 'yan ƙwallon Ingila, amma mutumin da muka bi layi a rana muka zaɓa, wanda ofishinsa bai fi kuɗin Keke Napep ɗaya daga kasuwa ba, ba mu san shi ba. Wannan laifinmu ne, ba na kowa ba.

Ga dalilin da ya sa na nace a kan Majalisar Dokokin Jiha. Igiyar kan hanya, tikitin kasuwa, kuɗin tasha, kuɗin mahauta, duk harkar jiha ce da ƙananan hukumomi. Tsarin mulkin 1999 ya damƙa kula da kasuwanni da tashoshin mota a hannun ƙananan hukumomi, ya kuma bar wa majalisar jiha yin dokar da ke tsara su. Sashe na 128 da na 129 sun ba ta ikon bincike da ikon kiran duk wanda take so ya zo ya yi bayani. 'Yan majalisarmu 31 ne a ƙananan hukumomi 20, ba wanda ba shi da kasuwa a mazaɓarsa. Tun 1998 ma an yi dokar tarayya da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai iya karɓa, ta kuma hana kowa, har da hukumar haraji, kafa shinge a hanya don karɓar kuɗi. Shekara nawa ke nan, igiyar tana nan. A farkon 2021 da masu safarar abinci da shanu suka daina kai kaya Kudu na wasu kwanaki, cikin koke-kokensu har da wannan tatsa ta kan hanya. Aka ba su baki, suka janye, igiya ta koma inda take. Wanda bai san ƙofar da zai buga ba, sai ya yi ta dukan katanga har hannunsa ya kumbura.

Yaran sun ce a Amurka ma ana fita. Gaskiya ne, amma bari in ba su labarin har ƙarshensa, don rabin labari ya fi rashin sani haɗari. A jihar Tenesi, cikin watan Yulin 2001, 'yan majalisar jihar suna shawarar kawo harajin albashi, wanda jihar ba ta karɓa. Masu gabatar da shirye-shirye a rediyo suka kwarmata wa jama'a. Kafin ka ce me, mutane sun cika harabar majalisar a birnin Nashbil, motoci na zagaye ginin suna ta hon, wasu na dukan ƙofofi, har aka fasa tagar ofishin gwamna. 'Yan majalisa suka ajiye maganar. Nasara ke nan, ko? Shekara na zagayowa, a 2002, da baitulmali ya ƙi cika, sai aka ɗaga harajin saye da sayarwa daga kashi 6 zuwa 7. Harajin albashi mai babban albashi ya fi ji. Na saye da sayarwa kuwa, mai sayen sabulu ɗaya da attajiri kuɗi ɗaya suke biya a kan sabulun. Talakan da ya ƙona mai yana hon ya guji gara ya faɗa gidan zago. A 2014 ma suka jefa ƙuri'a suka rubuta haramcin harajin albashi a tsarin mulkin jihar. Ra'ayinsu ne, ƙasarsu ce. Abin da na ɗauka dai shi ne, in ka ce wa gwamnati ba ka son haraji ka yi shiru a nan, za ta cire hannu daga aljihun dama ta sa a na hagu.

Sai kuma na 15 ga Afrilun 2009, ranar da Amurkawa ke rufe cike takardun haraji. Aka yi gangami a ɗaruruwan garuruwa, da yawa a gaban majalisun jihohi, mutane na ɗauke da ƙullin ganyen shayi don tunawa da 1773, lokacin da mutanen Boston suka zubar da akwati 342 na shayi a teku saboda harajin da Ingila ta ɗora musu ba tare da suna da wakili a majalisarta ba. Su ne ake kira Tea Party. Da yawansu talakawan gari ne da abin ya dame su da gaske. Amma kafin zaɓen 2010 tafiyar ta zama tsani, 'yan siyasar jam'iyyar Republican suka taka suka haye. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Mu ma ga zaɓen 2027 na ƙaratowa. Da an ji 'yan kasuwa za su fita, wani zai aiko da motoci, wani da riguna masu hoto, wani da ruwan leda da ɗan abin sawa a aljihu. Ranar da muka karɓa, ranar maganar tikiti ta mutu, ta koma maganar wane da wane.

Ba sai mun je Amurka ba ma. A ajina, darasin da ɗalibai suka fi so shi ne na matan Abekuta. A 1947 suka yi zaman dirshan a ƙofar fadar Alake, sarkin garin, dare da rana, ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti, kan harajin da aka ɗora wa mata da ƙwacen kayan 'yan kasuwa. Ba waƙa da zambo kaɗai suka je da su ba, sun rubuta koke, sun nemi a buɗe musu littafin kuɗin hukuma. Aka soke harajin, Alake ya sauka a Janairun 1949. Na matan Aba a 1929 kuwa, da jita-jitar za a sa wa mata haraji ya fara, ya ƙare da gawar mata fiye da hamsin. Duka biyun nakan koyar, ban taɓa ɓoye wa yara na biyun ba.

Shi ya sa ban ga laifin dattawanmu da suka ce a yi haƙuri ba. Tsoronsu na da tushe. Mun ga Agustan 2024 da idonmu. An fita saboda yunwa, yunwar kuma gaskiya ce, amma cikin kwana biyu ɓata-gari suka karɓe, aka fasa shaguna, aka sa dokar hana fita a jihohin Arewa da dama, a nan jiharmu ma sai da aka kulle Azare. An rasa rayuka. Yaran da aka kama, wasu ba su balaga ba, mun gan su a watan Nuwamba suna faɗuwa don galabaita a gaban kotu a Abuja kafin a sake su. A Kenya ma, ranar 25 ga Yunin 2024 matasa suka kutsa majalisa kan dokar haraji, washegari Shugaba Ruto ya janye ta, amma iyayen waɗanda aka harbe ba su yi murna da kowa ba. Ɗan kasuwa shi ne na farko da ke asara in gari ya rikice, don rumfarsa ba ta gudu. Sai dai, Alhaji, da girmanka, haƙurin da muke yi shekara da shekaru ba shi ya mai da tikitin 50 ya zama 100, na 100 ya zama 150 ba? Sashe na 40 na tsarin mulki ya ba mu 'yancin taruwa cikin lumana, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta yanke tun 2007 cewa ba sai da izinin 'yan sanda ake taro ba. Duk da haka ni na fi son a rubuta musu a sanar da su rana da hanya, su zo su raka mu.

Yanzu bari in juyo kanmu, don idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sau nawa mai tikiti ya zo, kuɗin 200 ne, na miƙa masa 100 na ce bar takardar? Ni da nake wannan dogon rubutu na sha yi, Allah ya yafe mini. Na ɗauka na ci riba, ashe ni nake koya masa cewa aljihunsa ne baitulmali. Yaron nan ma ba shi ne matsalar ba. Wasunsu ɗalibaina ne a da, ba albashi suke da shi ba, an yanka musu abin da za su kai kowace yamma, abin da ya haura shi ne abincinsu. Sannan cikin hannu bakwai da na ƙirga, biyu ba na gwamnati ba ne, na ƙungiyoyinmu ne na 'yan kasuwa da direbobi. Yaushe rabon da a tara mu a karanta mana abin da aka tara da abin da aka kashe? In za mu nemi gwamnati ta buɗe littafinta, mu fara buɗe namu, in ba haka ba da wane ido za mu kalle su? Na faɗi wannan a gaban shugabanninmu, na ga fuska ta canza, ba komai.

Kuma ban ce kada a biya ba. Kowa ya san mafi yawan abin da jiharmu ke kashewa daga rabon Abuja yake zuwa, ya kuma san jihar da ba ta tara nata ba kullum hannunta a miƙe yake. Har ma ina ganin gwamnatin da ke ci daga gumin mutanenta ta fi jin kunyarsu a kan wadda ke jiran kason wata. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka karɓi kuɗin shara, a ga motar shara. Ka karɓi na magudana, a ga ruwa na wucewa.

Abin da zan so mu rubuta a takardar koken bai da yawa. Majalisa ta sa a kafa allo a ƙofar kowace kasuwa da tasha, da Hausa, boko da ajami, a rubuta kowane kuɗi da doka ta yarda a karɓa, nawa ne, wa ke karɓa. Abin da ba ya kan allo, wanda ya nema ɓarawo ne, kowa ya sani. Rasiɗi ya zama mai lamba, kuma wanda aka yanka wa buhu a kasuwar farko ya raka shi har inda za a sauke, a kwance igiyoyin nan. Masu kasa kaya a ƙasa irin su Inna a yi musu nisabi. Kowane wata uku a liƙa a allon nan abin da kasuwar ta tara da abin da aka yi mata da shi. Na ji masu cewa a koma biya ta POS ko ta banki kawai, wai shi ne maganin sata. Ga mai rumfa irina daidai ne. Inna ko waya ba ta da ita.

Tafiyar kuma ba rufe kasuwa za a yi ba. Kowane layi ya ba da mutum goma, dattawa da mata a gaba. Ba yaro ƙarami, ba hular jam'iyya, ba sanda ko ta dogarawa in ba dole ba. Kowa ya liƙa rasiɗansa a kwali ya ɗaga, su ne allunanmu. A je da hantsi ranar da majalisa ke zama, a tsaya a ƙofa, a nemi Kakakin Majalisa ko shugaban kwamitin koke-koken jama'a ya fito ya karɓa ya sa hannu a kwafinmu. Sannan a dawo kasuwa kafin Azahar. Wahalar ba a ranar take ba, a bayanta take: a samu mutum uku da za su riƙa komawa duk mako suna tambayar ina aka kwana, su zauna a wurin 'yan kallo in ana muhawara, su kuma kasance a wurin lokacin da gwamna ya kawo kasafin kuɗi a ƙarshen shekara, don a nan ne ake rubuta adadin da ake so a tatso daga cikin gida, daga nan yake gangarowa har ya zama 150 a hannun mai tikiti. Ni na ba da kaina cikin ukun, tunda fansho ya ba ni lokaci ko da bai ba ni kuɗi ba.

Ya Edita, roƙona gare ka shi ne in mun sa rana ka turo wakilinka, ya zo tun kafin mu tashi, ya zauna a bencina in juye masa gwangwanin ya ƙirga da kansa. 'Yan'uwanmu na Azare da Misau da Ningi, da na Tudun Hatsi a Gombe, in sun karanta wannan su ma su fara tara nasu takardun.

Jiya na karanta wa Alhaji wasiƙar nan kafin in aiko. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce shi dai ƙafarsa ba za ta kai shi ba, amma bai hana kowa ba. Na juya na tambayi Inna ko za ta je. Ta kwance gefen zanenta, sai ga tikiti a dunƙule kamar goro, ashe ita ma ba ta yarwa. Ta ce za ta je, amma wa zai tsare mata zogale? Alhaji ya ce yaronsa zai zauna mata. Ta ce to, a bar wa yaron naira 150, don mai tikiti ba ya fashi.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta, mai awon hatsi,
Bauchi.